Tagar Farmasi, Makon Gadi

Makon gadinmu ne. Na ja ƙofar ƙarfe,
na bar taga guda, faɗin tafi biyu.
Ta nan Maraɗi ke miƙo mini hannu
da takardar likita a ninke, jiƙe da zufa.

Goma ta gota. A tsallaken titi
Illa ya kewaye garwashi da tsire,
hayaƙin kitse da ƙuli ya ƙetaro kwalta
ya zauna tsakanin kwalaben maganin tari.
Samarin fada sun ɗora shayi na biyu,
suna gardamar ƙwallo kamar rabon gado.
Ɗayansu na rantsuwa bana sai Yamai.
Bara ma ya rantse, a kan bencin nan.

Sai wuta ta ɗauke.
Unguwa ta ce "haba!" da baki ɗaya,
wayoyi suka buɗe ido ɗai-ɗai,
injin gidan Tankari ya yi tari sau uku ya kama.
Ni ba zafin ya dame ni ba, firji nake saurare:
allurar sugan Inna Barira na ciki,
wadda ke biya da cinikin ƙuli-ƙuli,
dala-dala, masu ƙanshin man gyaɗa.

Mati ɗan kabu-kabu ya tsaya, gwiwar wando a yage.
Ba komi, in ji shi, akuya ce ta gitta a Zariya.
Na ce ja ce? Ya ce ja ce.
Garin nan ko akuyarsa ba ta kauce wa kowa.
Ya karɓi auduga, ya tada babur,
saura jika guda ya cika na mai shi.

Daga wani lungu kiɗa na tasowa.
Ban faɗin gidan, ban faɗin masu shiga.
Sun wuce ni ɗazu da shadda da turare,
da asuba za su zo neman maganin ciwon kai,
mu gaisa, ina gajiya, ba gajiya,
mu haɗu a sahu ɗaya.

Ƙarfe biyu. Manyan motoci na nishi hanyar Ɗan Isa.
Wani mutum ya zo da gudu, takalmi wari-wari,
ɗiyarsa na asibiti, jiki kamar tanda.
Takarda ta ce magani huɗu,
aljihu ya ce biyu.
Ya dube ni: wane ya fi, malam?
Ba a koya mana amsar nan a makaranta ba.
Na ba shi huɗun, na buɗe baƙin littafi,
na ce sunanka? Ya ce Lawali, Bagalam, bayan injin niƙa.
Nan garin, wannan ya isa adireshi.

Wana da ke Kwatano kan yi waya ya ce,
me ka tsare a Maraɗi har yanzu?
Ban iya lissafa masa.
In ce famfonmu sai ukun dare yake kawo ruwa,
Ubaida na can yanzu tana jera jarkoki da gyangyaɗi?
Ko in ce daga nan zuwa gida tafiyar ƙafa ce,
kuma kafin in kai mutum bakwai sun tambayi tsohuwata?
Duka biyun gaskiya ne, kuma ba su hana juna barci.

Wuta ta dawo, firji ya ja numfashi.
Illa ya yayyafa wa toka ruwa.
Ladanin Mokoyo ya rigayi na unguwarmu, kamar kullum,
mai burodi ya wuce da kwali a bayan keke,
wata mata na hura wutar ƙosai a bakin kwata.

Ina haɗa lissafi aka ƙwanƙwasa taga.
Lawali ne, ido jawur.
Zazzaɓin ya sauka, ya ce, har ta nemi koko.
Ya aje dala arba'in a kan katako,
saura ranar kasuwa.
Na rubuta, na ɗage ƙofar ƙarfe.